Makircin Damagaram na 1906: Wa ya yi ƙarya, me ya sa kuma aka saye ta?

A watan Maris na 1906, sojojin Faransa da suka kafa barikinsu a kan duwatsun birnin Damagaram suka kama Sarki Amadu Ɗan Bassa. Laifin da aka ɗora masa shi ne wai ya haɗa baki da wasu manyan gari za su afka wa Turawan su karkashe su. Tare da shi aka kama attajirin nan Malam Yaro, wanda har zuwa lokacin babu wanda ya kai shi hulɗa da Faransawa a garin, da kuma tafintansu Ali Jallo, mutumin da kowace magana tsakanin bariki da fada ke bi ta bakinsa.

Aka tuɓe sarki, aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar Kwaddibuwa. Mutumin da tarihi ya fi nuna wa yatsa a kan kai wannan tsegumi shi ne Ballama Usman, bawa a cikin gidan sarki. Da ƙura ta lafa, shi Faransawa suka miƙa wa ragamar gari.

Sama da ƙarni guda ke nan, amma masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ce da gaske an shirya tawayen, cin amana ne ya tona shi. Wasu kuma na ganin jita-jita ce da rikicin cikin fada suka haɗu da tsoron da ya cika zukatan Turawa. Ko ma wanne ne, akwai wanda ya yi ƙarya a Damagaram a wannan shekara. In an yi makircin, to sarki da mutanensa sun daɗe suna yi wa Faransawa murmushin da bai kai ciki ba. In ba a yi ba, to wani ya ƙaga shi, wasu kuma suka karɓa hannu biyu.

Muna da karin magana da yawa a kan wannan batu. Mukan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, mukan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai dai wanda ya bi tarihin wannan gari zai ga ƙaryar da ta yi 'ya'ya har ta yi jikoki, zai kuma ga gaskiyar da ba tsoron Allah ne ya fito da ita ba.

Baƙon da aka yi wa maraba

Kafin a fahimci 1906, sai an koma baya shekara takwas. A watan Afrilu na 1898, wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Damagaram da 'yar ƙaramar runduna. Sarkin lokacin shi ne Amadu Kuran Daga, ɗan Sarki Tanimu wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka riƙa ƙera igwa a garin. Kuran Daga ba ƙaramin mayaƙi ba ne, Kanawa ma sun san shi, domin ya kai yaƙi ƙasarsu a zamanin Sarki Alu.

Sarki ya karɓi baƙon, ya ba shi masauki. Matsalar ita ce inda baƙon ya nufa. Cazemajou yana son wucewa gabas ne ya sadu da Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. Damagaram kuwa ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno kafin ta yi ƙarfin tsayawa da ƙafarta, don haka duk wanda ya riƙe Borno yana iya cewa ita ma tasa ce. A idon fada, Bature mai bindigogin zamani da ke hanyar zuwa wajen Rabe ba matafiyi ba ne kawai. Ranar 5 ga watan Mayu na 1898 aka gayyato Cazemajou cikin gari, aka kashe shi tare da tafintansa mai suna Olive.

An nuna masa fuska, an ɓoye masa zuci. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsufa, ta mai jin tsoro. Sarki ba zai iya ce wa baƙonsa ba zan bar ka ka wuce ba, domin bai san iyakar ƙarfin da ke bayansa ba, ba zai kuma iya barinsa ya wuce ba. Sai ya zaɓi hanya ta uku.

Irin wannan hali ba a Damagaram kaɗai ya taso ba. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya rasu a yaƙin Burmi, shi kuwa Waziri Buhari ya tsaya da jama'a. Malaman da ya nemi shawararsu sun nuna masa cewa idan ana tsoron halaka, an yarda a yi mu'amala da mai ƙarfi a zahiri ba tare da zuciya ta bi shi ba. Ma'ana, tun farkon zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa da maƙwabtansu sun shiga zaman da baki ke faɗin abu ɗaya, zuciya na riƙe da wani. Su ma Turawan sun san haka. Wannan sanin shi ya hana su barci daga baya.

Wasiƙar da haushi ya rubuta

Rundunar da Faransa ta turo a 1899, wadda ɗaukar fansar Cazemajou ke cikin aikinta, ita ce ta Voulet da Chanoine. Har yau tsofaffi a Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kan hanyar ba su manta da ita ba. An ƙona garuruwa, an kashe mata da yara, an rataye masu ja-gora da 'yan dako. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tare su. Hafsoshin Turawa da dama sun ga abin da ake yi da idonsu, suka yi gum.

Wanda ya fasa ƙwan wani Laftanar ne mai suna Péteau. Yana cikin rundunar tun farkon tafiya, har suka saɓa da Voulet aka kore shi. Bayan korar ce ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana ta'asar da ake yi, wasiƙar ta bi hannu zuwa hannu har ta isa ga hukuma a Paris. Gwamnati ta turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga watan Yuli na 1899, Voulet ya sa aka harbe Klobb a Ɗankori, kusa da Tasawa. Bayan 'yan kwanaki sojojinsu na Afirka suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet a yankin Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci gaba, ta gwabza da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli, ta shiga gari. Aka ɗora Amadu Ɗan Bassa, ɗan uwan Kuran Daga, a gadon sarauta, shi kuma Kuran Daga aka kashe shi a watan Satumba.

Abin lura a nan shi ne Péteau gaskiya ya faɗa, abin da Klobb ya tarar a kan hanya ya tabbatar da hakan. Amma bai faɗe ta ba sai da aka raba shi da rundunar, wato lokacin da ba shi da sauran rabo a cikin shirun. Abokansa da suka ci gaba da tafiya suna da girma da lambar yabo da suke jira, saboda haka bakinsu ya ci gaba da zama a rufe. Duk ɗan jaridar da ya taɓa samun babban labari ya san wannan. Da wuya takardar sirri ta fito daga hannun wanda ake damawa da shi. Galibi daga wanda aka hana wa kasonsa take fitowa, kuma hakan bai mayar da ita ƙarya ba.

Kasuwar tsoro

Yanzu mu dawo 1906. Faransawan da ke Damagaram 'yan tsiraru ne a tsakiyar babban gari, sun dogara da sojojin da suka kwaso daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Yawancinsu ba sa jin Hausa ko Barbarci, ba sa karanta Larabci. Barikin da suke kwana ciki sunan Cazemajou suka sa masa, wato kullum suna tashi da tunawa cewa a garin nan an taɓa yi wa ɗan uwansu maraba sannan aka kashe shi.

Sai ga labarai na zuwa daga yamma. Tun ƙarshen 1905 tawaye ya ɓarke a Kobkitanda ta ƙasar Dosso da kuma Karma a bakin kogin Kwara. Wani malami makaho, Shaibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru suka kashe Turawan Ingila uku da sojojinsu fiye da 20. A watan Maris Ingilishi suka dawo suka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. A wannan watan ne aka zo wa kwamandan Damagaram da labarin cewa a nan ma ana wasa wuƙa.

A irin wannan yanayi, mai kawo labarin makirci ba ya buƙatar hujja mai ƙarfi. Wanda yake faɗa wa ya riga ya yarda tun kafin ya buɗe baki. In kwamanda ya ƙi yarda kuma abin ya tabbata, ransa ne a bakinsa. In ya yarda kuma abin ƙarya ne, asarar ta wasu ce. Ga shi kuma tuɓe sarki zai ba Faransawa damar da suke so ta rage ƙarfin masarautar da ta fi kowace girma a yankin da suka mamaye, abin da kuwa suka yi ke nan daga baya.

Sai kuma ɓangaren mai kai labarin. Ballama yana cikin bayin da aka dandaƙe domin hidimar cikin gidan sarki. Irin waɗannan bayi suna da iko sosai a fadojin Borno da Damagaram, su ne ke riƙe sirri da taska, sarki ya fi amincewa da su saboda ba su da 'ya'yan da za su nema wa gado. A tsarin da, komai ƙarfin Ballama ba zai wuce tsayawa a bayan karaga ba. Zuwan Turawa ya buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba, domin yanzu akwai wani mai iko sama da sarki, wanda bai damu da asali ba, kunne kawai yake nema a cikin fada. Ko gaskiya Ballama ya kai ko ƙage, abin da zai samu iri ɗaya ne, kuma ya samu.

Malam Yaro shi ne abin tausayi a labarin, ko abin mamaki, ya danganta da ɓangaren da mutum ya tsaya. Babban ɗan kasuwa ne da ayarinsa ke ratsa Sahara, ya kuma taimaki Faransawa da kaya da bashi tun farkon zuwansu. Kusancin da ya zame masa riba shekara bakwai, shi ne ya zama abin zargi a dare ɗaya. Haka shi ma tafinta. Mutumin da ke tsakanin harsuna biyu kowa na buƙatarsa, babu kuma mai amincewa da shi, don babu mai iya duba aikinsa.

Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan asalin Damagaram wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa a yau, ya yi rubutu a kan lamarin a matsayin yunƙurin tawaye da bai yi nasara ba. Wata masaniyar tarihi 'yar Faransa, Camille Lefebvre, ta sake bin takardun binciken a wani nazari da ta wallafa a 2017 da kuma littafinta na 2021 a kan mamayar Damagaram da Agadas. Abin da ya fi fitowa a nata aikin shi ne rawar da jita-jita da tsoro da gasar cikin fada suka taka wajen gina zargin.

Takardun yuraniyom

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne na zamanin jahilci, ya tuna abin da aka yi da sunan Nijar a idon duniya shekara 97 bayan haka. Wasu takardu sun ɓulla a Turai da ke nuna wai gwamnatin Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi ta Saddam Hussein tan 500 na yuraniyom. Tun a watan Fabrairu na 2002 Amurka ta turo tsohon jakadanta Joseph Wilson zuwa Yamai, ya koma ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. Duk da haka, a jawabinsa ga majalisa ranar 28 ga watan Janairu na 2003, Shugaba George Bush ya ambaci cewa Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka.

Da takardun suka isa hannun Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, ba a ɗauki lokaci ba aka gane na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu mai kwanan watan shekarar 2000 na ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga watan Maris na 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba sahihai ba ne. Ranar 20 ga watan aka fara yaƙin Iraƙi.

Jabun da ɗalibin sakandare a Yamai zai iya ganewa ya ratsa ofisoshin leƙen asiri mafiya ƙarfi a duniya. Ba ƙwarewar maƙaryacin ce ta kai shi nan ba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001, Amurka na cikin irin halin da kwamandan Damagaram ya shiga bayan Satiru, ga tsoro, ga kuma abin da dama take son yi.

Rumbu ɗaya, amsa biyu

To ina talaka a wannan lissafi? Shi ma yana da nasa ma'aunin, kuma na taɓa ganinsa da idona. Wata shekara da damina ta yi gardama, na bi wasu ma'aikatan agaji zuwa wani ƙauye a arewacin Mirriya, suna rubuta gidajen da za a taimaka wa. Wani magidanci ya ce musu babu ko dami ɗaya a rumbunsa. Da yamma, bayan sun tafi, ina zaune a ƙofar gidansa sai ga dangin wani saurayi da ke neman 'yarsa sun zo gaisuwa. Da aka taɓo zancen damina, sai ya nuna musu cewa shi kam Allah Ya rufa masa asiri, abin da ya samu zai kai shi wata kaka. Daga baya na fahimci rumbun ba fanko ba ne, ba kuma cike yake ba. Gaban masu littafi ya rage, gaban surukai ya ƙara.

A makarantar koyon aikin jarida an koya mana cewa majiya ko dai mai gaskiya ce ko maƙaryaciya. Wannan dattijo bai shiga ko ɗaya ba. Amsarsa ta farko gadonta ya yi. Kakanninsa sun koyi cewa duk baƙon da ya zo da alƙalami yana ƙidayar kawuna da dabbobi, haraji ne ke biye da shi, ko aikin tilas, ko ɗaukar yara zuwa makarantar Nasara, saboda haka ake ɓoye yaro a rumbu a kora awaki daji. Yanzu alƙalamin ya koma kawo buhun hatsi, amma darasin bai canja ba, wato ka fara gano abin da mai tambaya zai yi da amsarka kafin ka ba shi ita. Amsarsa ta biyu kuwa kunya ce da kare mutunci.

Mu Hausawa muna da tarin maganganun da ba gaskiya ba ne amma babu mai kiransu ƙarya. Majinyaci na kwance yana nishi, ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Baƙo ya kwana da yunwa, a kawo tuwo ya ce a ƙoshe yake, sai an yi ta roƙonsa. Babu wanda aka yaudara, domin kowa ya san dokar wasan. Ko a Kasuwar Dole, idan mai kaya ya ce albarka, ya rantse cewa ko uwar kuɗinsa ba a kai ba, mai saye ya san ciniki ne bai ƙare ba. Inda abin ke sauya kama shi ne lokacin da ɗaya ɓangaren bai san ana wasa ba, kamar dillalin da zai ƙaga cewa wani ya riga ya taya sa da kaza don ya ɗaga la'adarsa, ko ya ɓoye ciwon da ke jikin dabba.

Addini ma ya bambanta su. Hadisai sun sanya ƙarya cikin alamomin munafuki, sun kuma nuna gaskiya na kai mutum ga alheri, amma an yi rangwame a wurare ƙalilan, kamar yaƙi da sulhunta mutane biyu da ke gaba. Har gobe a fadar Damagaram ana kawo ƙarar gona da gado da aure domin sulhu, kuma idan shaida ta ƙare, rantsuwa ce ke raba gardama. Sananne ne a ƙasar Hausa cewa mutumin da ya yi ta musu tun safe, idan aka ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, sau da yawa sai ya ja da baya ya ce ya bar wa Allah, ko ya biya abin da ake bin sa. Hujja ba ta ƙaru ba, wanda yake ganin yana sauraronsa ne ya canja.

Masu bincike a ƙasashen waje sun gwada wannan a aikace. A wani gwaji da masana tattalin arziki biyu, Fischbacher da Föllmi-Heusi, suka yi a Suwizalan aka wallafa a 2013, an ba mutane ɗan ludo su jefa a ɓoye, su faɗi lambar da ta fito, a biya su gwargwadonta. Babu mai iya kama su. Duk da haka kusan kashi 40 cikin 100 gaskiya suka faɗa, kimanin kashi 20 ne suka yi ƙaryar da za ta ba su kuɗi mafi yawa, saura kuma da dama suka ɗan ƙara kaɗan, daidai yadda za su ci riba ba tare da sun ji kansu ɓarayi ba. Dattijon Mirriya zai gane waɗannan mutanen.

Wani binciken da aka wallafa a 2019 ya fi ba da mamaki. An miƙa alabe fiye da 17,000 a matsayin tsintuwa ga ma'aikatan bankuna da otal da ofisoshi a birane 355 na ƙasashe 40, wasu da kuɗi a ciki wasu babu. A ƙasashe 38 cikin 40, an fi neman mai alaben a mayar masa idan akwai kuɗi a ciki. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, riƙe alabe fanko sakaci ne, amma riƙe mai kuɗi sata ce, kuma yawancin mutane ba sa son kallon kansu da wannan suna ko da babu mai ganinsu.

Kalmar da gwamnati ke tsoro

Kunyar da ta sa dattijo ya cika rumbunsa da baki, takan kama gwamnati ma. A 2005, bayan fari da farin ɗango na shekarar da ta gabata, cibiyoyin kula da yara masu tamowa sun cika a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A watan Agusta na shekarar, Shugaba Tandja Mamadu ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne irin wanda aka saba gani, ya kuma zargi 'yan adawa da wasu hukumomin agaji da kambama lamarin don amfanin kansu.

Adalci shi ne a ce kowane ɓangare na da abin da yake nema a jikin kalmar. Ƙungiyoyin agaji sun san ba a buɗe musu aljihu a Turai sai an ji ta. Mai mulki a Yamai kuma ya san abin da ta taɓa haifarwa, domin sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga watan Afrilu na 1974 sun kafa hujja da yadda gwamnatinsa ta tafiyar da bala'in fari, kuma Tandja yana cikin hafsoshin da suka yi wannan juyin mulki. Yayin da ake gardamar suna, iyaye mata na kan layi da yara a goye.

A watan Fabrairu na 2010 sojoji suka kifar da Tandja saboda rikicin tazarce, kiran da aka fara ɗaga muryarsa a nan Damagaram ranar aza harsashin matatar mai a watan Oktoba na 2008. Cikin 'yan makonni sabuwar gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta ce miliyoyin 'yan ƙasa na fuskantar yunwa, ta nemi duniya ta kawo ɗauki. An yaba mata, kuma ta cancanci yabon, don an ceci rayuka. Amma faɗin gaskiyar bai ci mata komai ba, tunda laifin na wanda ta tuɓe ne.

Mu ma muna da wadda muke so

Akwai wani ɓangare na labarin 1906 da ya shafe mu kai tsaye. Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar na buƙatar gwarazan da suka yi wa mulkin mallaka turjiya, kamar yadda kowace sabuwar ƙasa ke buƙata. Sarkin da ya shirya korar Nasara aka ci amanarsa ya dace da wannan gurbi. A 1982 Mahamane Bakabe ya shirya fim a kan lamarin mai suna Si les cavaliers, wanda ya samo tushe daga rubutun André Salifou. Sarkin da aka yi wa ƙage yana zaune lafiya da Turawa kuwa, labarinsa ba ya shiga waƙa, ba ya kuma daɗin koyarwa a aji.

Saboda haka zargin da Faransawa suka karɓa don tsoro, mu muka riƙe shi don alfahari. Ni kaina, da aka fara ba ni labarin ina yaro, na fi son a ce an yi makircin, kuma ko yanzu da na karanta ɗaya ɓangaren ban daina so ba.

Ballama Usman ya riƙe Damagaram har farkon shekarun 1920. Sai a 1923 Faransawa suka mayar da sarauta ga gidanta, suka naɗa Barma Mustafa. Bayan shekara uku, a 1926, suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka kai Yamai.